Mu Ɗauki Hoton Ganuwar Kano Tun Tana Tsaye

Littattafan tarihi sun gaya mana cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwar Kano, kuma Muhammadu Rumfa, da ya hau sarauta a 1463, ya faɗaɗa ta. To, yau ina ganuwar take? Ruwan sama ya zaizaye wani sashe, masu ɗibar ƙasa sun cinye wani, an kuma gina gidaje da shaguna a kan wani.

A nan wayar hannu za ta yi mana rana. Yawancin wayoyin zamani suna da GPS, wato na'urar da ke karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam masu kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,000. Da zarar ta ji daga aƙalla 4 cikinsu, sai ta gane inda muke tsaye. Idan muka ba kyamara izini, kowane hoto zai fita ɗauke da lambobin wurin da kwanan watan da aka ɗauke shi. Ɗaukar ba ta cin data ko kaɗan.

Ga yadda aji guda zai yi aikin. Malam ya raba mu rukuni-rukuni, waya ɗaya ta ishi kowane rukuni. Wasu su nufi Ƙofar Mata da marinarta, wasu Dutsen Dala, wasu Ƙofar Kabuga, wajen da sojojin Ingila suka kutso birni a 1903. Mu ɗauki hoto, sannan mu gaida sarkin ƙofa ko dattawan unguwa, mu tambaye su yadda wurin yake a zamanin ƙuruciyarsu. Idan mun koma makaranta, mu jera hotunan a taswirar Google, kowanne da bayaninsa. Tsofaffin hotunan da ke Gidan Makama za su nuna mana abin da ya sauya.

Sai dai mu kula. Kada mu ɗauki mutum sai da yardarsa. Hoton da muka ɗauka a gida ma yana iya nuna wa baƙo ƙofar gidanmu, don haka mu kashe alamar wurin idan mun gama aiki.

Katangar da muka ɗauka bana tana iya faɗuwa a daminar baɗi. Hotonmu ne zai nuna wa ƙannenmu daidai inda ta tsaya.