Noman Inabi a Ƙasashen Sanyi: Misali Daga Kwarin Mosel na Jamus

1.0 Gabatarwa

Inabi itace ne mai son rana, domin haka yawancin gonakinsa na duniya suna tsakanin layin kwance na digiri 30 zuwa 50, arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu. Kwarin Mosel yana daf da digiri 50, wato can bakin iyakar da inabi yake iya nuna. A wannan darasi za a yi bayanin yadda manoman wurin suka shawo kan sanyi, da irin abin da suke samarwa, da matsalolin da suke fuskanta.

1.1 Wuri da Tarihi

Kogin Mosel ya taso ne daga duwatsun Vosges na Faransa, ya bi ta iyakar Luksambag, sannan ya haɗu da kogin Rhine a birnin Koblenz. Rumawa ne suka yaɗa noman inabi a gaɓarsa, kuma a ƙarni na 4 wani mawaƙinsu mai suna Ausonius ya siffanta gonakin a waƙarsa mai suna Mosella. A yau gonakin yankin sun haura hekta 8,000, kuma fiye da rabinsu nau'in inabin da ake kira Riesling ne.

1.2 Dabarun Shawo Kan Sanyi

Abubuwa uku ne suka taimaki manomin Mosel. Na farko shi ne gangare. A wannan yanki rana ba ta tsayawa tsaka, a karkace take haskowa. Saboda haka ake dasa inabi a jikin tuddan da suka fuskanci kudu, domin hasken ya sauka a kansu kai tsaye. Gonar Calmont da ke kusa da ƙauyen Bremm tana da gangaren da ya kai digiri 65, tana kuma cikin gonakin inabi mafi tsayuwa a Turai.

Na biyu shi ne ƙasa. Tuddan cike suke da wani baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle kamar allo. Dutsen yakan sha zafi da rana, ya riƙa sakinsa da dare, kuma ba ya barin ruwa ya kwanta a gindin itacen. Na uku shi ne kogin kansa, wanda yake sassauta sanyin dare.

Sakamakon haka, 'ya'yan inabin suna nuna ne a hankali, har sai cikin watan Oktoba ake tsinke yawancinsu. Wannan jinkiri shi ne sirrin ɗanɗanonsu: zaƙi yana taruwa sannu a hankali, tsami kuma bai gushe ba. A ƙasa mai zafi kuwa sukari yakan yi yawa da wuri, tsamin ya ragu.

1.3 Abin da Ake Samarwa

Idan aka matse inabi aka bar ruwan ya tsimu, yisti yakan mai da sukarinsa barasa. Tun da sukarin inabin Mosel bai cika yawa ba, giyarsa takan zo da ƙarancin barasa da ƙarfin tsami. Jamusawa sun kasa ta bisa ga yawan sukarin 'ya'yan a lokacin tsinka: Kabinett daga waɗanda suka nuna daidai, Spätlese daga waɗanda aka jinkirta tsinkarsu, Auslese kuwa daga zaɓaɓɓun nonnan da suka nuna sosai. Akwai kuma Eiswein, wadda ake barin 'ya'yanta a kan itace har sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifili. Ana matse su a daskare, ruwan da ya zama ƙanƙara ya tsaya, zallar zaƙin ya fito.

Giya haramun ce a Musulunci, kuma ko a Turai ba kowa ne ke shan ta ba. Daga inabin ana yin ruwan sha marar tsimi, kuma tun 1908 Carl Jung, na yankin Rheingau, ya sami rajistar wata dabara ta cire barasa daga giya.

1.4 Dacewa da Abinci

Turawa suna da ƙa'idar haɗa abin sha da abinci, kuma ƙa'idar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa matsa lemon tsami a kan soyayyen kifi: tsami yana kashe maiƙo. Don haka suke haɗa Riesling marar zaƙi da kifi da naman kaza. Mai ɗan zaƙi kuwa sukan haɗa ta da abinci mai yaji, domin zaƙi yana kwantar da zafin barkono. Mai zaƙi sosai takan tafi da cuku mai gishiri.

1.5 Matsaloli

Tarakta ba ta hawa gangare mai tsayuwa, don haka yawancin aikin na hannu ne, kuma tsadarsa ta sa an yi watsi da wasu gonaki. Ɗumamar yanayi ma ta kawo nata sauyi. Inabi yana nuna da wuri, sanyin da ake bukata domin Eiswein ya yi wuyar samu, sannan itacen yakan yi toho da wuri, sanyin ƙarshen hunturu ya ƙone shi, kamar yadda ya faru a watan Afrilu na 2024.

1.6 Kammalawa

An ga yadda gangare da dutse da kogi suka haɗu suka ba inabi damar nuna a ƙasar sanyi, da yadda wannan sanyi ya zama tushen ɗanɗanonsa. Ɗorewar noman ta rataya ne a kan samun masu ci gaba da hawa tuddan, da kuma yadda yanayi zai kasance.

Aikin Yi

1. Kawo abubuwa uku da suke taimakon inabi ya nuna a kwarin Mosel.
2. Fitar da kalmomin aro biyar daga wannan darasi, ka faɗi harshen da aka aro kowace.
3. Rubuta bayani irin wannan a kan wani amfanin gona na yankinku.