Zama da Maɗaukin Kanwa: Yadda Fita Zaɓe Yake Yaɗuwa a Unguwa

A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, kimanin kashi 69 cikin ɗari na masu rajista a Nijeriya ne suka kaɗa ƙuri'a. A na 2019 adadin ya sauko zuwa wajen kashi 35, a na 2023 kuwa bai wuce kashi 27 ba, wato kimanin mutum miliyan 25 daga cikin miliyan 93. Abin mamaki shi ne Legas, wadda ta fi kowace jiha yawan masu rajista, ba ta kai ko kashi 20 ba a 2019. To, me ke sa wata unguwar birni ta yi dafifi a rumfar zaɓe, wata kuma ta yi tsit? Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Binciken masana ya nuna cewa maganar nan ta shafi har akwatin zaɓe.

Gado ko muhalli?

Tambayar farko da mai nazarin halittu kan yi game da kowace ɗabi'a ita ce: gadonta aka yi, ko kuwa tsintarta aka yi a muhalli? Hanyar da aka saba bi ita ce kwatanta tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, waɗanda ƙwayoyin gadonsu kusan iri ɗaya ne, da tagwayen ƙwai biyu. A 2008 James Fowler da abokan aikinsa suka duba rajistar zaɓen tagwaye a birnin Los Anjalis na Amurka, suka tarar cewa na ƙwai ɗaya sun fi yin kama da juna wajen fita zaɓe ko ƙin fita. Wannan ba ya nufin akwai wata ƙwayar gado guda mai tura mutum rumfar zaɓe. Abin da ake gada halaye ne, irin su son cuɗanya da jama'a. Bugu da ƙari, gadon al'umma ba ya sauyawa cikin shekara ashirin, don haka ba zai bayyana faɗuwa daga kashi 69 zuwa 27 ba. Dole a waiwayi muhalli.

Ra'ayin unguwa

Sanannen abu ne cewa unguwa takan karkata ga ɓangare guda a siyasa. Dattawan Kano ba su manta da yadda Fagge ta yi suna da goyon bayan jam'iyyar NEPU ba. A zaɓen Amurka na 1984, Robert Huckfeldt da John Sprague sun bi diddigin mazauna unguwanni dabam-dabam na garin South Bend, suka ga cewa ra'ayin da ya fi rinjaye a unguwa yana tasiri a kan wanda mutum yake hirar siyasa da shi, da kuma irin bayanin da ke isa kunnensa. Sai dai akwai wani hanzari ba gudu ba. Mai yiwuwa ne masu ra'ayi ɗaya suke neman juna su zauna wuri guda tun da fari. Don raba gardama, sai an yi gwaji irin na sabon magani: a raba mutane ta hanyar canki-canka, a bai wa wasu, a bar wasu, sannan a kwatanta.

Gwaji biyu

A zaɓen fidda gwani na 2002, David Nickerson ya aika masu ƙwanƙwasa ƙofa gidajen da ke da masu rajista biyu a biranen Denver da Minneapolis. A wasu gidajen an roƙi wanda ya buɗe ƙofa ya fita zaɓe, a wasu kuma an yi masa zancen sake sarrafa shara. Fitar waɗanda aka roƙa ta ƙaru, kuma kimanin kashi 60 cikin ɗari na wannan ƙarin ya tsallaka zuwa ga abokin zaman da ba a ko gan shi ba. Wato abin ya yaɗu a cikin gida tamkar mura.

A 2006 kuma, Alan Gerber da Donald Green da Christopher Larimer suka yi gwaji a kan gidaje kimanin 180,000 a Jihar Mishigan. Cikin waɗanda ba a aika wa komai ba, kashi 29.7 suka fita. Waɗanda aka tuna wa cewa zaɓe haƙƙi ne a kansu sun kai kashi 31.5. Amma waɗanda aka aika wa jerin sunayen maƙwabtansu, da bayanin wanda ya fita a zaɓukan baya da wanda bai fita ba, sun kai kashi 37.8. Ashe kunyar idon maƙwabci ta fi wa'azi aiki.

Abin lura gare mu

Hakika biranenmu suna da nasu matsalolin: wahalar karɓar katin zaɓe, fargabar 'yan daba, da ɗimbin 'yan haya da suka yi rajista a garuruwansu na asali. Duk da haka, darasin yana nan. Abin da ke yaɗuwa yana iya bunƙasa, yana kuma iya mutuwa. Idan magidanci ya zauna a gida ranar zaɓe, da wuya ya zauna shi kaɗai. Ɗan siyasa kuwa sakamakon rumfa-rumfa yake dubawa, kuma unguwar da ba ta fita takan koma ƙarshen layi a rabon famfo da kwalbati da ɗakin shan magani. Wannan sakaci yana ƙara sanyaya gwiwar jama'a, sai fitar ta ƙara raguwa.

Wajibi ne kuma a bambance abu biyu. Tunatar da maƙwabci ya fita zaɓe taimako ne. Tilasta masa wanda zai zaɓa, ko tsangwamar mai ra'ayin da ya saɓa wa na unguwa, zalunci ne, kuma don kare shi aka mayar da ƙuri'a ta sirri. Saboda haka, mai karatu, ranar zaɓe ka yi wa maƙwabcinka sallama, ku tafi tare, sannan ka bar shi da takardarsa.