Ciyawar Kacala da Hanyar Kashe Ta

Kacala doguwar ciyawa ce mai fitowa inda ruwa ya kwanta, tsawonta ya kan fi na mutum. Tana yaɗuwa ta hanya biyu, watau ta irinta mai kama da audugar rimi, wanda iska ke kwasa, da kuma ta saiwarta mai rarrafe cikin laka.

Inda ta fi yin ɓarna a Arewa shi ne fadamun Haɗejiya da Nguru. A da kogin ya kan janye da rani, ƙasa ta bushe, kacala ta kasa yin ƙarfi. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, sai ruwa ya riƙa gudana rani da damina. Nan fa ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta kuma zama makwancin jan-baki mai cinye hatsi.

Masana da suka yi gwaji sun gane cewa saiwar tana samun iska ne ta ganye da kara. Saboda haka in aka yanke ta a sama da ruwa, ko aka sa mata wuta kaɗai, ba ta daɗewa sai ta sake tohowa. Amma in aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen, aka kuma maimaita duk lokacin da ta ɗago kai, saiwar ta kan shaƙe ta ruɓe. Inda ana iya janye ruwa, busar da wurin da kaftu shi ma yana raunana ta ƙwarai.

Wannan darasi ne ga ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, inda jama'a ke noman rani a fadamun Gulbin Zamfara da Gulbin Ka. Ya kamata Hakimai su umarci dagatai su riƙa duba tafkuna da magudanan lambu, a yi gayya a yashe su, kada ruwa ya kwanta shekara guda cur. Malaman Hakimai kuwa su rubuta sunan duk wurin da aka gan ta, da faɗinsa, su aika wa malamin gona ba tare da jinkiri ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.