Ijazar Dakta a Ilmin Tarihi, da Rabon Tambuwal da Kebbe a Cikinta

A jami'o'in zamani akwai wata daraja da ake kira digirin dakta, wadda ita ce ƙurewar karatunsu. Ta yi kama da ijaza, amma da bambanci. Almajiri yakan karɓi ijaza saboda ya ƙware a littafin da wani ya wallafa. Shi kuwa mai neman dakta sai ya wallafa nasa kundi a kan mas'alar da ba a riga shi warwarewa ba, ya yi shekara uku ko fiye yana bincike, sa'an nan malamai su zauna su tuhume shi baki da baki, har da baƙon malami daga wata jami'a. In hujjarsa ta yi rauni, sai a mayar masa da kundinsa.

To, ina mai tarihi ke samo hujja? Daga gafakar malamai da bakin dattawa. Wani Bature, Murray Last, ɗalibin Abdullahi Smith a Jami'ar Ibadan, ya zo Sakkwato a farkon shekarun 1960, ya durƙusa gaban Waziri Junaidu, Allah ya jiƙansa, ya karanta littattafai da wasiƙun da gidan Gidaɗo ɗan Laima ya adana. Da su ya sami dakta a 1964, aka buga littafinsa a kan Daular Sakkwato a 1967. Waziri bai shiga ajin jami'a ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi dakta na girmamawa a 1971, kuma ba ta yi ɓarna ba. Daga baya 'yan ƙasa suka bi: Mahdi Adamu ya sami tasa a Birmingham ta Ingila a 1974 a kan sawun Hausawa cikin Afirka ta Yamma, Garba Nadama a Zariya a 1977 a kan Zamfara.

Sai dai wanda ya zauna zauren Waziri, daga birni yake hangen ƙasa. Garuruwan kudu sukan gifta ne cikin labari, a ambace su a wuce. Alhali Tambuwal ba ƙaramin wuri ba ne. Nan Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, malami ne mai waƙe da Larabci, zuriyarsa suka riƙe garin a bayansa. Garin na kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, babbar kasuwar da fataken goron Gwanja suka sani.

A nan ɗalibi mai gaggawa ke tuntuɓe. Wanda ya kafa Jega shi ma Buhari ne, amma ɗan Abdussalami na Gimbana, wanda aka kashe a zamanin Sarkin Musulmi Bello. In takarda ta ce Buhari ya yi kaza, wanne daga ciki? Haka kuma Kebbe da Kabi: in marubuci bai sa wasali ba, kafi da ba ne duka, sai baƙo ya ɗauki labarin wannan ya jingina wa wancan. Limamin da ya gaji littattafan kakansa yakan raba wannan gardama kafin shayi ya huce. Bafataken da ya ji sunayen zangon kakanninsa bi da bi, shi ma yana riƙe da abin da babu shi a ɗakin karatu na Ingila.

Ga wahala kuwa: gara ba ta jiran ɗalibi, ɗigon damina ma haka, magada kuma sukan raba littafi ɗaya kashi uku. Malamai da yawa suna ƙin buɗe gafaka don tsoron a ara a ƙi mayarwa, kuma tsoron yana da dalili. Amma yanzu ana ɗaukar hoton takarda a gaban mai ita, ba ta fita zaure. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da sashen tarihi, akwai kuma hukumar adana tarihi mai sunan Waziri Junaidu a cikin Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna. Mai littafi yana da ikon sa sharaɗi cewa a rubuta sunansa da na garinsa a cikin kundin, a kuma kawo masa kwafi in an gama.