KIWON ƊAN KUNKURU: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

A ƙasar Sule Tankarkar da maƙwabtanta na masarautar Gumel, watau Maigatari da Gagarawa, a kan sami makiyayi ko yaro ya tsinci ɗan kunkuru a daji, musamman da damina, ya kawo gida. Galibi ba a jimawa sai ya mutu. Dalili kuwa shi ne mutane sun ɗauka kunkuru ba ya bukatar kome, ko a ƙarƙashin rumbu aka jefa shi zai rayu. Wannan kuskure ne. Babban kunkuru na jure wuya, amma ƙaramin ba ya jurewa.

Asalinsa

Kunkurun tudu na ƙasashen bakin Sahara, daga Sanagal har Habasha, shi ne na uku wajen girma a duniya. Ya kan haura kilo 50, ya kan kuma wuce shekara 50. Amma ran da ya fito daga ƙwai tsawonsa kamar inci biyu ne, ɓawonsa kuwa da taushi. A daji cikin rami ya ke wuni, inda akwai sanyi da ɗan laima, sai safe da yamma ya fito kiwo. Wanda ya gane wannan ya gane kiwonsa duka, gama abin da a ke so shi ne a kwaikwayi ramin nan.

Wurin zamansa

A kewaye masa wuri da tubali, ƙasan ya zama rairayi ne haɗe da turɓaya, ba daɓen siminti ba. Gefe guda ya sami hantsi, gefe guda inuwa. A kifa masa fasasshiyar tukunya a inuwar, a riƙa yayyafa ruwa kaɗan a ƙarƙashinta. A rufe sama da waya mai raga, domin hankaka da shaho da kare da ɓera duk abokan gabansa ne. Da hunturu a shigar da shi ɗaki da dare. Kada a bar shi cikin kwano a rana, zafin bazara na kashe shi nan da nan. Kada kuma a huda ɓawonsa don a ɗaure shi da igiya. Ɓawon nan ƙashi ne mai rai, yana jin ciwo.

Ci da sha

Abincinsa ciyawa ce, irin su harkiya da guɗe-guɗe da burburwa, da ɗan ganyen rama ko yakuwa. Tuwo da ƙosai da nama da madara ba nasa ba ne. A daka ɓawon ƙwai a barbaɗa masa bisa ciyawa sau biyu a mako don ƙarfin ƙashi. Ana cewa wai kunkuru ba ya shan ruwa. Yana sha. Kowace safiya a sa shi cikin kasko mai ruwa mai ɗan ɗumi, wanda bai wuce haɓarsa ba, kamar minti 15.

Alamun cuta

1. Majina ko kumfa a hanci da numfashi baki buɗe: ciwon huhu ne, sanyi ke jawo shi.
2. Ɓawo ya ƙi tauri bayan watanni: rashin rana ne da rashin abin gina ƙashi.
3. Ɓawo ya yi tudu-tudu: yawan bushewar wuri ne da abincin da bai dace ba.
4. Ido ya faɗa ko ya ƙi buɗuwa, ya daina ci: ƙishirwa ce ta yi tsanani.
5. Kaska a hammata ko gindin wutsiya: a cire ta a ƙone.

In an ga ɗaya daga cikin na farko huɗu, a kai shi ga malamin dabbobi, kada a ɗura masa maganin kaji.

Lafiyar mutanen gida

Kashin kunkuru na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, ta fi kuwa tsanani ga yara ƙanana. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da ba su kai inci 4 ba a 1975. Lalle ne wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, kada kuma a bar shi kusa da randa ko madafa.

Roƙo ga hakimai

Kunkurun nan na ƙarewa, saboda noma da kiwo sun cinye dajinsa, ga kuma masu kama shi don sayarwa. Tun 2000 yarjejeniyar CITES, wadda Nijeriya ke cikinta, ta tsai da fataucin wanda aka kamo a daji zuwa ƙasashen waje. Don haka a na roƙon hakimai su umurci malamansu su karanta wannan takarda ga dagatai da masu unguwanni, su kuma su sanar da talakawa: wanda ya ga ɗan kunkuru a daji ya bar shi inda ya gan shi, wanda kuwa ya riga ya ajiye shi ya ba shi hakkinsa. In an ga mai tara su don fatauci, a sanar da malamin daji.

Allah ya taimaki sarakunanmu, ya ba ƙasa lafiya, amin.