Yadda Jami'o'i Ke Samun Mujallun Ilimi na Intanet

Mujallar takarda, in ɗakin karatu ya saye ta, ta zama tasa. Ta intanet kuwa galibi haya ce: jami'a na biyan kamfanoni irin su Elsevier kuɗin shekara da kuɗin waje, in biya ya tsaya, sababbin fitowa su yanke. Shi ya sa faɗuwar naira ke taɓa ɗalibin da bai taɓa riƙe dala ba.

Akwai sauƙi. Shirin HINARI na Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2002, da shirin AGORA na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO), tun 2003, suna ba cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dubban mujallu kyauta ko da rahusa. Amma sai ma'aikacin ɗakin karatu ya yi wa jami'arsa rajista, ya kuma koya wa ɗalibai yadda ake nema. Nan aka fi sakaci.