Zaɓen Zauren Umarni ga Mai Sauya Manhajar Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar da ya saba, ga shi kuwa tsofaffin kwamfutoci da dama ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba. Wannan ya shafi ɗaliban da ke sayen kwamfuta ta hannu a shagunan Fagge da Sabon Gari, domin wasunsu sai sun koma Linux. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda mai irin wannan ƙaura zai zaɓi zauren umarni, wato wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni da haruffa maimakon latsa hotuna.

2.0 Taga da Tafinta

Zauren umarni abu biyu ne. Akwai tagar da ake rubutu a cikinta, akwai kuma tafintan da ke isar da umarnin ga kwamfuta. Tsohon tafintan Windows shi ne cmd, sai PowerShell da ya fito a 2006. A Linux kuwa, Bash ne ya fi yaɗuwa, wanda Brian Fox ya fitar a 1989. Akwai kuma Zsh na 1990, wanda kamfanin Apple ya mayar tafintan kwamfutocinsa a 2019. Kowanne da karin harshensa. Alal misali, mai son ganin jerin fayiloli zai rubuta dir a cmd, amma ls a Bash. Mai kwafe fayil zai rubuta copy a can, cp a nan.

3.0 Ma'aunin Zaɓe

Ma'auni na farko ga ɗalibin Hausa shi ne haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ. Tsohon tsarin haruffan da cmd ya gada bai san su ba, don haka sukan fito a gurɓace, sai fa an rubuta chcp 65001 domin komawa tsarin UTF-8. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce, tun da ƙugiya ce ke raba ƙafa da kafa, da ɓari da bari. Mai ƙirga kalmomin wani littafi don kundin digirinsa, in haruffan suka gurɓace, sakamakon bincikensa ya rushe. Yawancin nau'o'in Linux kuwa da UTF-8 suke zuwa. Bugu da ƙari, akwai tsarin ha_NG, wanda ke sa ƙ bayan k wajen jera kalmomi, kamar yadda ƙamus ke yi.

Ma'auni na biyu shi ne ɗorewar abin da aka koya. Wanda ya iya Bash ba zai sha wuya a Zsh ba, domin tushensu ɗaya. Har a cikin Windows ma ana iya aiki da Bash ta hanyar WSL tun 2016.

4.0 Kammalawa

Bisa ga waɗannan dalilai, Bash ya fi dacewa ɗalibi ya fara da shi. Kafin ya bar shagon mai gyara, ya kamata ya kwafe fayilolinsa a wani wuri, sannan bayan sauyin ya buɗe guda ɗaya a zauren umarni, ya tabbatar kowace ƙugiya tana nan daram.